Ina Gaba, Addarku Tana Baya

Na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Sau da yawa nakan zauna da niyyar farawa, sai in ce bari in fara sauke tukunya, ko in ce rubutuna ba shi da kyau, karatuna bai wuce firamare ba, kada in bar abin da jikoki za su yi wa dariya. Amma ainihin abin da ya riƙe ni kunya ce. Macen da ta tashi a ruga ba ta zama ta ba da labarin 'yarta ta fari, balle ta rubuta shi. Abin da ya sa na daure shi ne hirar da na ji kuna yi da sallar da ta wuce, kuna gaya wa yara cewa Babanku ya so ya hana Addarku, babbar yayarku, aikin bincike, ni ce na tsaya mata. Na yi shiru a lokacin don gida cike yake da baƙi, amma maganar ta hana ni sukuni. Ba haka aka yi ba, kuma mutumin da ke kwance a kabari ba zai iya tashi ya gyara ba. Yawancinku kuna makarantar kwana a shekarar, wasu kuma ba su yi wayo ba. To ga yadda abin ya kasance, iyakar abin da na iya tunawa. Inda na yi kuskure Allah ya yafe mini.

Kun san ban taɓa kiran sunan Addarku a gabanku ba. Ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyar Babanku aka sa mata, kunya biyu ke nan a kaina. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ba ta dawo hannuna ba sai da tsohuwar ta rasu. Ko da ta dawo, ba na zama da ita a tabarma ɗaya, ba na jerawa da ita a hanya, ba na kallon idonta. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu, kuma ban taɓa jin wani ya ce ba ta son sa ba. A unguwarmu ta Barunde ma Maman Usmanu ake kirana, da sunan na biyu. In ina da magana da ita, sai in bi ta kan ƙanwarta Sadiya, ko da mu ukun muna tsakar gida ɗaya. Babanku shi kasuwar shanu ta riga ta wanke masa irin wannan kunya. Uwata yake ce mata, su zauna su yi ta gardama kamar abokai.

Shekarar da nake magana, Gombe ba ta zaune lafiya. Yau a ji ƙarar bam a tasha, gobe a ce kasuwa. Ana laluba mutane a ƙofar masallaci. Mace ta saka dogon hijabi ta riƙe jaka, sai ka ga ana darewa ana ba ta hanya. Mutanen Borno da Yobe da Adamawa kuwa sai shigowa suke yi, kowane gida da baƙinsa, wasu a zaure, wasu a kangon da ba a gama ba. Ni da ma can mai fargaba ce. Ko tayar mota ta fashe sai in fita ƙofar gida ba mayafin kirki ina tambayar masu wucewa. Babanku yakan ce in na rasa abin damuwa, aikawa nake yi a aro mini a maƙwabta.

A cikin wannan hali ne Addarku ta gama jami'a, wata malamarsu ta ɗauke ta aikin bincike. Ina bakin murhu da yamma na ji tana yi wa Babanku bayani. Wai za ta riƙa shiga gidajen da matan da suka yi gudun hijira suke, ta ji yadda canjin damina da bushewar ƙasa suke tayar da mutane daga garuruwansu, da yadda nauyin tashin yake faɗa wa mace daban da namiji.

"To, Uwata, ni dai ban gane ba," in ji Babanku. "Mutum ya gudo daga harsashi, ke kuma ki bi shi da tambayar ruwan sama?"

"Baba, da yawansu wannan ba shi ne tashinsu na farko ba. Kafin bindiga ta kore su, rijiya ta riga ta kore su."

"To me ya sa sai mata? Mazan ba su da baki?"

"In ka tambayi maigida, shanun da suka mutu zai lissafa maka. Ba wanda ke tambayar mai ƙwarya abin da ta yi bayan nonon ya ƙare."

Na tsaya da muciya a hannu. Ni ma fari ne ya kawo mu birni. A wurinmu shanu na maza ne amma nono na mace ne, da shi take sayen gishiri da sabulu da zane, ba ta roƙon kowa. Da garkenmu ya ƙare, Babanku ya samu dillanci a kasuwa, ni kuwa na kife ƙorena a kan rumfa, na koma mai jiran a ba ni. Ban taɓa gaya wa kowa yadda wannan ya yi mini ciwo ba, kuma ban san inda yarinyar nan ta samo maganar ba.

Babanku ya ce, "Ban hana ki ba. Amma ki ji da kyau, ranar da aikin nan ya jawo mana magana ƙofar gida, ranar ya ƙare. Ba musu."

Ta ce ta yarda.

Makonnin farko ba ta samu komai ba. Ta fita da safe da jakarta, ta dawo da la'asar fuska a bushe, ta shige ɗaki. Ni kuma tun fitarta nake safa da marwa tsakanin madafa da ƙofar gida. Daga bakin Sadiya na ji abin da ake ciki. Matan ba sa yarda da ita. Wasu na zaton gwamnati ce ta aiko a rubuta sunayensu a kwashe su, wasu na zaton rabon abinci ne, in sun ga ba shi ba ne su juya baya. Ga Fillancinta na 'yan birni, ga ta budurwa tana tambayar sa'o'in uwarta zancen aure da dukiya. Malamar kuma ta ce in damina ta sauka ba a samu komai ba, dole ta nemi wani ya karɓi aikin. Na yi ta saƙawa ina kwancewa. In ta ci gaba da yawo ita kaɗai, wata rana za a kawo mini mummunan labari. In ta bari, karatun da ta sha wahalarsa ya tsaya a nan. Rannan muna tsakar gida ina tankaɗe, ita tana wanke hijabinta a bakin rariya, sai na ji bakina ya ce:

"Sadiya, ki gaya wa Addarki gobe ina da unguwa a Nasarawo. In tana da hanya can, ban hana ta ba."

"Dada, ga ta nan fa a bayanki, tana jin ki."

"Ke na aika."

Sadiya ta juya ta ɗaga murya kamar mai shela, "Adda! Dada ta ce a gaya miki ta samu aiki a jami'a!"

Na jefe ta da murfin kwano. Na ji Addarku ta daina cuɗa wankin na ɗan lokaci.

Ga yadda muka tsara tafiyar, ko in ce yadda ta tsara kanta, don ba mu taɓa zama mun shirya ba. Ni nake fara fita, da ɗan ƙullin gero ko dawo a leda. In tari keke mai ƙafa uku in tafi. Ita sai ta bari na ɓace, ta tari wani. In na sauka a bakin layi sai in tsaya kamar ina gyara takalmi har in hango ta, sannan in wuce gaba, tana biye daga nesa. In shiga gida in yi sallama, in zauna a gaisa, a tambayi gajiya da yara da mutanen da aka baro. Sai hira ta yi nisa za ta yi tata sallamar, ta zauna daga bakin ƙofa. Tambayoyinta tun a gida take ba Sadiya, Sadiya ta ba ni, ni kuma in juya su yadda za su shiga kunnen mace babba. Ba na cewa yaushe ruwan sama ya canja. Sai in ce, a wace shekara kika fara ƙara wa gugarki igiya? Daga nan magana sai ta ɓalle. Kafin a fara kuwa sai na ce, yarinyar nan tana da wani ɗan abu mai ɗaukar murya, in ba ki so ba za a kunna ba. Wasu su ce a'a, wasu su ce kunna, me ya rage mana. Ni a raina ina ganin na yi dabara, na tsare yarinya kuma na tsare kunyata. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda muke a idon mai shagon da ke bakin layi ba.

A cikin matan akwai wadda zan kira Dudu, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Bafillatana ce doguwa, ba ta kai ni shekaru ba, tana da 'yan mata biyu ƙanana. Tana zaune a wani ɗaki na bayan gida da a da ake ajiye buhuna, tana yi wa matan gidan da maƙwabta wankau da surfe. Tun zuwanmu na farko ta gane abin da ke tsakanina da Addarku. Ta dube ni, ta dubi bakin ƙofa, ta yi murmushi.

"Goggo, ta fari ce ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Ai na gani. Kin zauna kamar an ce bangon nan ne ya haife ta."

Mun yi ta komawa wurinta don ita ba ta gajiya da magana. An haife ta can arewa kusa da iyaka, inda rairayi ya yi ta cin makiyaya har ya hau kan bukkoki. Suka tashi suka koma bakin tafki. Ta ce da za a sayar da dabba don hanya, saniyar sadakinta aka fara kamawa, don ita ce ba mai yin gardama a kanta. A bakin tafki ta koyi banda kifi da noman wake a inda ruwa ya janye, har ta fara tsayawa da ƙafarta, sai kuma masu bindiga suka zo. Masu gidan da take ciki ta gaya musu mijinta ya rasu. Mu kuwa wata rana ta sa babbar 'yarta ta tsaya a ƙofa, ta rage murya.

"Goggo, wannan maganar a ɗakin nan za ta tsaya?"

Addarku ta yi mata bayani cewa ba a sa sunan kowa, ba a faɗin unguwa, kuma in ta ce a goge za a goge. Dudu ba ta dube ta ba, ni take kallo. Na ce mata na ɗaukar miki alkawari. Sai ta ce mijinta bai mutu ba, ko kuma ba ta sani ba. Da ciyawa ta ƙare ya kora sauran shanun cikin tsibiran tafki, inda mutanen dajin nan masu bindiga suke, ya ce zai dawo kafin kaka. Ba ta sake jin duriyarsa ba. Ko kashe shi aka yi, ko kama shi aka yi, ko yana cikinsu, Allah kaɗai ya sani. Ba ta da takaba, ba ta da aure, kuma in mutanen gidan suka ji, sun gama yanke mata hukunci.

Ranar da abin ya faru, an kwana ɗaya da jin ƙara a gari, kowa a tsorace yake. Zafi kamar a gasa mutum, hadari ya haɗu ya ƙi zuba. Raina bai so fitar ba. Na saka mayafi na cire, na sake sakawa. Amma ƙaramar 'yar Dudu ba ta da lafiya, na yi alkawarin kai mata magani. Da na isa bakin layin na tarar 'yan banga sun gitta benci, samari ne riƙe da gora. Suka dubi ledar hannuna suka ce in wuce. Na yi gaba kaɗan na tsaya ina gyaran takalmin nan nawa. Keken Addarku na tsayawa, sai na ji mai shago ya ɗaga murya.

"Ga ta nan! Ita ce nake gaya muku! Kullum tsohuwar can ce ke shigo da ita. Tsohuwa gaba, ita baya, ba sa magana, ba sa shiga keke ɗaya. Na daɗe ina lura da su!"

Kafin in juyo sun sa ta ajiye jakar a tsakiyar hanya, sun sa ta ja da baya ta durƙusa, hannuwa a sama. Wayar cajin na'urarta ta leƙo ta bakin jakar. Wani ya ce waya, ga waya nan, sai wuri ya yamutse. Mata suka kwashi yara, masu keke suka zubar da fasinja. Da aka yi nisa kuma sai aka tsaya aka yi da'ira, na ga hannuwa suna tsintar duwatsu. Ban san lokacin da na yar da ledar ba.

"'Yata ce! Ku bar ta, 'yata ce!"

Shugaban samarin, wani baƙi mai jan ido, ya tare ni da gorarsa. "Hajiya, tsaya nan. 'Yarki ce kike tafiya kamar ba ki san ta ba?"

"Ta fari ce, ɗana. Kunya ce."

Wani dattijo daga gefe ya ce, "Kai yara, ku bi a hankali, Fulani na yin haka." Amma muryarsa ba ta je ko'ina ba. Mai shago yana ta faɗin ai haka ake yi, tsohuwa ke rako su ta nuna musu wuri. Na ji wani daga baya ya ambaci fetur. A nan ne na buɗe baki na kira sunanta, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Ba zan rubuta shi a nan ba, kun san shi. Na kira shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har sau nawa ban sani ba. Ta ɗago kai ta dube ni, na dube ta. Amma kiran bai sa kowa ya ajiye dutse ba. Ta ce katinta na jami'a yana cikin jakar, a bari ta ɗauko. Aka ce in ta motsa za a rotse ta. Su kuma ba mai ƙarfin halin taɓa jakar. Aka tsaya a haka, jama'a na ƙaruwa, waɗanda suka zo daga baya ba su ma san abin da ya faru ba, sun dai ji an kama mai bam.

Sai ga Dudu ta ratso mutane, zane ɗaure a ƙirji, mayafi a karkace, hannuwanta duk kumfar sabulu. Ta taka tsakiyar filin nan da kowa ya gudar masa, ta ɗauki jakar, ta kife ta. Takardu suka zubo, da biro, da ledar ruwa, da katin, da 'yar na'urar.

"Ga bam ɗin naku," in ji ta. "Wurina suke zuwa. Wannan uwarta ce, kowa ya dubi goshinsu ya gani."

Shugaban samarin ya matso a hankali, ya dubi katin, ya nuna na'urar da gora. "Wannan fa?"

"Magana take ɗauka. Muryata ce a ciki."

"To a kunna mu ji."

Addarku ta ce, "Don Allah kada ku kunna, amanar mutane ce." A ƙa'ida takan kwashe abin da ke ciki ta bar shi a jami'a, amma makon nan an rufe makarantar saboda halin da ake ciki. Roƙon nata sai ya ƙara tayar da mutane. Me take ɓoyewa, a kunna, a kunna. Dudu ta dubi duwatsun da ke hannun mutane, ta dubi Addarku a durƙushe. Ta san abin da ta faɗa a zuwanmu na ƙarshe, ta fi kowa sani.

"Kunna, yaro," in ji ta.

Muryarta ta fito, Hausa gauraye da Fillanci, tana ba da labarin saniyar sadaki. Wasu suka fara dariya, duwatsu suka fara faɗuwa ƙasa. Na ce a kashe haka nan, ai an ji. Yaron bai san inda ake kashewa ba, kafin Addarku ta taso ta karɓa, muryar ta riga ta kai kan tsibiran tafki da mijin da bai dawo ba. Yawancin mutane ba su kula ba, sun shiga ba mu haƙuri, mai shago har da cewa ai tsaron unguwa ne. Amma na ga matar mai gidan da Dudu take ciki tsaye a bakin ƙofarta, ta riƙe haɓa, ba ta dariya.

Na kama hannun Dudu na ce ta ɗebo yaran mu tafi Barunde yanzu. Ta zame hannunta.

"Goggo, wankin mutane na cikin ruwa. Ku je, yarinyar nan jikinta na rawa."

Samarin suka tare mana keke ɗaya, muka shiga tare. Shi ya kai mu har gida.

Labari ya riga mu isa. Babanku ya baro kasuwa, yana zaune a zaure, maƙwabta na ta shigowa jaje. Bai yi faɗa ba. Ya ce kada wadda ta sake fita, ni da ita, sai ƙura ta lafa. Wannan ne kuka riƙe kuke cewa ya hana. Abin da ba ku sani ba shi ne, da mutane suka watse ya sa na ba shi labarin daga farko, da na zo kan Dudu ya tsayar da ni.

"Matar nan, wa ya koma ya duba ta?"

Na ce ba kowa.

Washegari aka hana zirga-zirga a gari, ba keke ba acaɓa. Na wuni ina leƙa titi. Ranar da aka buɗe hanya, shi da kansa ya tafi Nasarawo, bai ko karya ba, da niyyar ya taho da ita da yaran, har ya sa an share ɗakin da ke kusa da zaure. Ya tarar da ƙofarta a buɗe, ba kowa. Mai gidan ya ce shi ba korarta ya yi ba, ya dai gaya mata mutanen unguwa sun fara magana, kuma an gargaɗi masu gidaje a kan baƙin da ba a san asalinsu ba. Ta shanya wankin, ta kai wa kowa nasa, ta ɗaure kayanta ta fita da yaran. Wani ya ce ya gan su a tasha, wani ya ce hanyar kudu suka yi. Babanku ya bi tashoshi har azahar, bai samu wanda ya tabbatar masa ba.

Da ya dawo, Addarku ta fito ta durƙusa a gabansa da jakar a hannu. Ta ce sharaɗinsa ya cika, kuma ko bai cika ba ita ta bari, ba za ta sake shiga ɗakin wata ta jawo mata bala'i ba. Ni a raina na ji sanyi, ba zan ɓoye muku ba. Na gaji da tsoro, ina so ta zauna a gida inda zan riƙa jin motsinta. Babanku ya daɗe yana kallon jakar.

"Uwata, ni na kafa sharaɗin, ni kuma na janye shi. Matar nan ba ta da komai a duniya sai ɗakin nan, ta ba da shi. In kin zauna a gida, a kan me ta bayar?"

Ta fashe da kuka. Ya bari ta yi mai isarta, sannan ya juyo gare ni.

"Ke kuma, Maman Usmanu, in za ki raka ta, ki raka ta kamar uwa. Keke ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Ku fara gaida mai unguwa kafin ku shiga gidan kowa. Kunyar nan ki ajiye ta a gida, in kin dawo kya ɗauka."

Haka muka yi har aikin ya kammala. Ba a bar ni na huta ba. Dangina na ruga da suka ji ina jerawa da 'yar fari a titi, suka ce birni ya cinye ni, yayata ta daɗe ba ta tako gidana ba. Na ji zafin wannan, har yanzu ma in na tuna nakan ji. Addarku kuwa kun ga inda Allah ya kai ta, tana koyarwa, tana yawon ƙasashe a kan wannan magana ta ƙasa da hijira da mata. Amma a duk abin da ta rubuta, ba ta taɓa sa ko kalma ɗaya daga bakin Dudu ba. Ta ce izinin da aka ba ta a ɗaki ya lalace a titi, sai ta sake nema. Ni ma abin da na rubuta a nan bai wuce abin da unguwa guda ta ji da kunnenta a ranar ba, kuma duk da haka na yi ta istigfari ina rubutawa.

Don haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, ko a Gombe ko a wani gari. In ka san wata Bafillatana doguwa da ta taɓa zama a Nasarawo a shekarun tashin hankali, mai 'ya'ya mata biyu da yanzu sun isa aure, wadda ta taɓa kife jakar wata budurwa a tsakiyar titi, ka taimake ni. Kada ka fara zuwa wurinmu. Ka je wurinta tukuna, ku kaɗai, ka gaya mata Goggo ta Barunde tana nemanta, ka tambaye ta ko tana so a san inda take. In ta ce e, kowane ɗaya daga cikin 'ya'yana zai kawo ni, ko a ina ne, muddin ina iya hawa mota. In ta ce a'a, ka rufe bakinka ka bar ta. Abu ɗaya kawai za ka roƙa mini, ta yarda ka zo ka ce mini tana raye, kuma ƙaramar ta warke.